Mikoron Masallaci da Jan Maɓalli

Jikana Mutari ya mai da ɗakin da nake ajiye wake wurin ɗaukar murya. Ya liƙa kwalin ƙwai a bango, ya kafa inji. Ni kuwa tabarmata na bakin ƙofar, don can iska ta fi kaɗawa, ba don saurare ba.

Ran wata Juma'a da hantsi aka kawo Labbo, mawaƙin 'yan kokowa na Alela, bisa babur. Mutari ya tsai da shi gaban mikoronsa, abin maganar nan mai tsada, irin wanda ba a taɓawa, sai an danna wani jan maɓalli ya sha wuta kafin ya ji magana. Labbo ya buɗe baki ya rufe.

"Yaro, ni ba ni waƙa hannu sake. Ba ni wanda zan damƙa in zagaya, kamar a fili."

Mikoron hannu duk unguwarmu ta Ƙonni guda ne, na masallaci. Mutari ya lallashi Sanusi ladan, har Sanusi ya ɗauko shi cikin hannun riga. Liman kuwa ya sha faɗi a huɗuba cewa waƙar kokowa shirme ce. In ya ji, Sanusi ya rabu da mabuɗin masallaci.

"Inna Saude," in ji Sanusi, "don Allah ba ki gan ni ba."

"Ni da idona bai gani? Shiga, ɗana."

Wayar mikoron nan ta sha ɗauri. An yanke, an ƙulla, an naɗe da leda. Mutari na rawar jiki ya cire nasa ya soka ta a inji. Sai ji muka yi ɗas! Har kajina suka watse. Bayan nan wani gurnani, sannan shiru.

Labbo ya hura. Babu. Ya ƙwanƙwasa da yatsa. Babu.

"Mutari, mi ka yi?" in ji Sanusi.

"Na mance jan maɓallin a kunne. Wannan bai son waccan wutar, da kanshi yake aiki. Amma in waya na da lafiya ba ta yi mishi komi."

"In na da lafiya! Ka dubi wayar nan?"

Rana ta kusa tsakiya. Ta kan katanga ina hangen masu tabarmi sun fara wucewa. Sanusi ya zauna a ƙasa, hula a gwiwa, zufa har gemu. Na ce wa Mutari, "Angona, in ka ƙone muryar masallaci, ni na sake ka."

"Kaka, don Allah ki yi shiru!"

Ya kashe maɓallin, ya jira jar fitilar maɓallin ta mutu, ya warware ledar da haƙori. Silin waya biyu sun manne, sun yi baƙi. Ya raba su, ya murɗe, ya naɗe.

"Mu gwada," in ji shi.

Sanusi ya fizge abinsa. "Ba a injinka ba!" Ya fita da gudu, takalmi ɗaya a hannu.

Muka tsaya tsakar gida, har da Labbo, kowa ya ɗaga kai wajen lasifikar masallaci. Shiru. Wani jaki ya yi kuka. Mutari ya dafa bango. Can sai ƙyas, sai hucin mutum, fu, fu, sai kabbara ta tashi, tana rawa kaɗan amma ta kai har bakin kasuwa.

Labbo ya koma Alela ba waƙa. Ni kuma ban gaya wa kowa ba sai Balaraba mai ƙosai, ita ma sai da ta rantse. To ashe ƙanwar matar Liman na bayanta tana jiran ƙosai. Kafin la'asar mabuɗin masallaci ya koma aljihun Liman, Sanusi kuma ya bar gaishe ni.