Kalmar Sirrin Malam Datti

Tun hantsi Zinnira take zaune a barandar mahaifinta, tsohuwar kwamfutarsa a kan turmin da aka kife, idonta ɗaya a kan gilashin kwamfutar, ɗaya a kan ƙwan lantarkin da ke rataye a saman ƙofa. Batirin wannan kwamfuta ya mutu tuntuni. In aka ɗauke wuta ko na ƙiftawar ido ne, shi ke nan, aiki ya koma farko. Ga shi yau ɗin nan ita da mijinta Muntari za su bar ƙasar Kano. An yi masa canjin wurin aiki zuwa Fatakwal, kaya duk sun yi gaba, saura su biyu da motar yamma da za su shiga a birni.

Muntari ya so su wuce kai tsaye daga Gwarzo, tunda an riga an yi sallama da kowa. Ita ce ta nace sai sun biyo ta Kabo. Ta ce masa kwamfutar Baba ta yi nauyi, kafin ta buɗe mutum ya yi alwala ya yi nafila, za ta sauke tsohuwar manhajar ta ɗora mata Linux, wadda ba ta wahalar da tsoffin na'urori, don a riƙa ganin juna in an kira. Gaskiya ta faɗa, amma ba duka ba.

Ita ce 'yar fari a gidan Malam Datti, tsohon malamin dabbobi. A zuriyarsu kuwa, tun zamanin da kakanni suke bin shanu, iyaye ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi, ba sa yabonsa a gaban mutane. Ana yaye ta aka miƙa ta ga kakarta a Unguwar Tudu, can ƙasar Gwarzo. A can ta tashi, a can ta yi karatu, har ta zama malamar kwamfuta a wata makarantar 'yan mata. In ta zo Kabo ta durƙusa, Malam yakan amsa gaisuwarta yana duban wani wuri. In zai yi zancenta sai ya ce "mutanen Gwarzo". Mutanen Gwarzo sun iso? A ba mutanen Gwarzo fura. Ƙannenta kuwa, Lukuman da Badi'a, sunansu ba ya fita daga bakinsa. Ta san kunya ce, ta sani sarai. Amma sanin bai taɓa hana abin ci mata rai ba, kuma yau da za ta yi nisa, so take ta tafi da wani abu a hannu, ko ɗan ƙanƙani, da zai nuna mata tana da wuri a zuciyar mutumin nan. In ba ta samu yau ba, ta ƙudura za ta daina nema.

Kafin ta taɓa komai, sai da ta kwashe abin da ke cikin kwamfutar ta zuba a filash, ɗan abin adana bayanai. Karatun tafsiri, hotunan shanu masu ciwon kofato, hotunan bikin Badi'a, Lukuman da rigar kammala karatu. Ta bi hotunan nan kaf, wai don ta tabbata ba ta bar komai ba. Har bijimin maƙwabta yana ciki. Ita babu.

"Inna," ta ce, "a gaya wa Baba sai ya zo da kansa. Akwai tambayoyin da mai kwamfuta kaɗai yake amsawa."

Inna Yelwa, mahaifiyarta, wadda take tsince wake a gefe, ta kalli ƙofar ɗaki ta ɗaga murya. "Malam, wai sai ka fito."

Ya daɗe kafin ya fito. Ya jawo kujerarsa 'yar tsugunno ya ajiye nesa kaɗan, ya gyara tabarau, ya kafa wa kwamfutar ido kamar ita ce baƙuwar. Zinnira ta soka wani filash ɗin mai ɗauke da sabuwar manhajar, ta kunna, ta yi ta danna maɓalli har na'urar ta yarda ta tashi daga cikinsa. Taswirar duniya ta bayyana, ana tambayar agogon da za a bi. Ta zaɓi Legas.

"Mu dai a Kabo muke," in ji Malam, yana magana da turmin.

"Agogonmu ɗaya da su ne, Baba."

"To."

Aka zo wurin goge komai. Ta bayyana masa cewa daga nan babu komawa baya, abin da ke ciki zai tafi, amma ta adana kayansa.

"Wace ce mai wannan sabuwar? Wa za a biya?"

"Ba ta da mai ita, Baba. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina ta, kowa ya ɗauka kyauta, wanda ya ga gyara ya gyara."

"Kamar rijiyar gari ke nan." Ya gyaɗa kai. "A goge."

Wannan ce hira mafi tsawo da suka taɓa yi, kuma ko a ita ɗin bai kalle ta ba. Ta rubuta sunansa a inda ake so, ta juyo masa da kwamfutar. "Saura kalmar sirri. Abin da ba za ka manta ba, wanda kuma wani ba zai yi tsammani ba. Sau biyu za ka rubuta."

Ya shafa gemu. Sannan ya ɗaga hannu ya yi mata alamar ta kau da kai. Ta juya tana kallon kaji. Tana jin yatsarsa ɗaya tana neman haruffa, ƙwas, sai shiru, ƙwas. Da ta juyo, ga ɗige-ɗige a jere, ga kuma jan rubutu a gefe.

"Ta ce kalmar ta yi rauni, Baba. A ƙara mata lambobi."

"A bar ta haka."

Ta danna, layin aiki ya fara tafiyar hawainiya. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Wani makiyayi ne daga Gude, saniyarsa tana naƙuda tun asuba, ɗan maraƙin ya zo a karkace. Malam ya miƙe tun kafin mutumin ya gama bayani. Ya ɗauki jakarsa, ya tura babur waje, ya ce wa Inna, "A ce wa mutanen Gwarzo ina dawowa." Zinnira tana zaune a gabansa ya ba da wannan saƙo.

Daga nan zama ya gagare ta. Ta leƙa layin, ta kalli ƙwan lantarki, ta je randa ta sha ruwan da ba ta jin ƙishinsa, ta dawo ta sake leƙa layin. Wuta ta yi ƙasa sau ɗaya, ƙwan ya yi ja kamar garwashi, ta dafe ƙirji tana salati har ya dawo. Muntari yana waje cikin motar abokinsa da zai kai su birni. Suruki ne, ba zai shigo ya tsaya a kan mutane ba, ba kuma zai danna oda a ƙofar gidan nan ba, sai dai waya.

"Zinnira, direban nan fa ba ya jira. In muka rasa motar yau, gobe ba ni da abin da zan gaya wa ofis."

"Saura kaɗan, wallahi."

Bayan azahar aikin ya kammala. Ta zare filash, kwamfutar ta mutu ta sake tashi, tas da ita, cikin sauri kamar sabuwa. Sai ga sunan Malam Datti a tsakiyar gilashi, a ƙasansa ɗan akwati fari yana jiran kalmar sirri. Innalillahi! Ba ta haɗa ta da intanet ba, ba ta sa manhajar kira ba, ba ta mayar masa da tafsirinsa ba. In ta tafi a haka, ta bar masa kwamfuta wayam, gara ma yadda ta same ta.

Ta kira shi. Can bayansa ana jin kukan saniya da hayaniyar maza.

"Baba, kalmar nan nake so. Ka faɗa mini in ƙarasa, mota na jiranmu."

Saniyar ta sake yin kuka.

"Baba, kana jina?"

"Ina zuwa."

"Faɗa kawai za ka yi, daga baya ka canza in ka so."

Ya kashe wayar.

Nan fa ranta ya ɓaci, ɓacin da ta daɗe tana dannewa. Ita ta gyara abu da hannunta, amma ba a yarda da ita ta ji kalma ɗaya ba! Da Lukuman ne ya tambaya, ai da tuni an faɗa masa har da dariya. Ta jawo kwamfutar ta rubuta Lukuman. Akwatin ya girgiza ya ƙi. Ta rubuta Badi'a, ta rubuta Yelwa, ta rubuta Kabo, har sunan farar saniyarsa da ta mutu bara ta gwada. Duk ya ƙi.

"Inna, ke ba ki san abin da zai sa ba?"

"Ni ina na san sirrin Malam da injinsa? Ke dai ci abinci."

"Ba na ci. Inna, ni me na yi masa ne?"

Inna ta tsayar da hannu a cikin wake. Ta ce, "Haba ke kuwa," ta ci gaba da tsinta. Ita ma ɗin ai ba ta taɓa kiran sunan 'yar tata ba.

Inuwar katanga ta fara miƙewa tsakar gida. Muntari ya sake kira, wannan karon bai ce komai ba sai "To?" Ta ce masa ga ta nan. Ta naɗe wayar caji, ta ajiye filash ɗin tafsiri a kan tagar Malam, ta yafa mayafi. Ta durƙusa za ta yi wa Inna sallama ke nan sai ga ƙarar babur a zaure.

Ya shigo rigarsa duk jini da ƙasa, hannuwa a wanke rabi da rabi. Daga ganin yadda yake haki, gudu ya yi a hanya, mutumin da yake yi wa matasa faɗa a kan gudu. Ya zauna a kujerarsa, ya jawo turmin. Zinnira ta mayar da wayar caji, ta kunna, ta kau da kai ba tare da an ce mata ba.

Ƙwas, ƙwas a cikin farin akwatin. Ya ƙi. Ya sake. Ya ƙi.

Ta waiwayo ta gan shi yana laluben aljihu, yana kai fuska dab da haruffan, yana janyewa. Babu tabarau. Ya cire shi a garke lokacin da zai sa hannu ya juya maraƙin, can ya baro shi a kan wani kututture.

Wayarta ta fara ruri a cikin jaka. Ba ta ɗauka ba.

Malam ya tura mata kwamfutar da yatsa biyu. "A rubuta."

"Me zan rubuta, Baba?"

Ya kalli Inna. Inna ta kalle shi, sai kuma ta sa gefen zani ta rufe baki, ta ɗauki farantin wakenta ta shige madafa da sauri kamar wani abu yana ƙonewa. Ya kalli ƙasa, ya kalli katanga. Dattijon da ya gama kokawa da saniya yanzun nan, ga shi gumi yana tsattsafo masa a goshi.

"Ba ya faɗuwa," ya ce a hankali. "Sau ɗaya na taɓa faɗarsa. A ɗakin can, ran da aka miƙo mini mai shi a cikin zani, na faɗa mata a kunne."

Zinnira ta tsaya cak. Ta ɗora yatsu a kan haruffan. Duk tsawon ranar nan ta gwada sunan kowa a gidan har da na saniya, nata kaɗai ne bai zo mata a rai ba. Ta rubuta shi, harafi bayan harafi, ta danna.

Kwamfutar ta buɗe.

Ba ta ɗago ba, don ta san in ta ɗago kuka za ta yi, shi kuma ba zai san inda zai sa kansa ba. Ta haɗa intanet daga wayarsa, ta ɗora manhajar kira. Kwamfutar ta sake neman kalmar kafin ta yarda, ta sake rubutawa, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Ta mayar masa da tafsiri da shanunsa, ta nuna masa inda zai danna in ta kira. Yana ta cewa to, to, yana kallon gilashin da ba ya gani sosai.

"Baba," ta ce, tana share fuska da mayafi, "akwai yadda zan yi ta riƙa buɗewa da kanta. Ba sai ka riƙa wahalar rubutawa kullum ba."

Ya miƙe, ya ɗauki butarsa zai je wanke hannu. Ya kai bakin baranda ya tsaya, bayansa gare ta.

"A bar ta," ya ce. "Ta riƙa tambaya."