Lilo a Zauren Malam Madu

"Kada ka tura su, Iliyasu. Buɗe hannunka kawai."

Ina tsaye a tsakiyar zauren Malam Madu, hannun dama riƙe da tsohon kwaɗon ƙofa, na hagu riƙe da busasshiyar goruba, kowanne yana rataye da zare a jikin azara. Ni da na shigo in miƙa kwanon kunu in wuce gona, ga shi an mayar da ni ɗan makaranta da furfurata. Kafin in saki, sai da ya sa na faɗi wanda zai riga ɗan'uwansa zuwa da dawowa. Na ce ai wannan ko akuyata ta sani, mai nauyi ne zai riga. Na buɗe hannuwa. Kwaɗo da goruba suka tafi tare, suka dawo tare, suka sake tafiya, kamar wa da ƙani za su masallaci.

Na ce akwai dai abin da ya yi wa zaren. Shi ya ɗaura, shi ya daidaita, ni kuwa ba a yi mini rufa-ido da hantsi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na ajiye gardama na miƙa masa ruwa.

Malam Madu maƙwabcina ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Kakanninsa daga Barno suka zo, amma shi a birnin Kano aka haife shi. Aiki ne ya kawo shi sakandaren garinmu, nan kusa da Ɗanbatta, tun yana saurayi. Ya koyar da Fiziks a manyan azuzuwa har ya yi ritaya, kuma bai koma birni ba. Ana ganin girmansa a gari, ana matsa masa wuri a sahun gaba a masallaci, amma ba a zaman hira da shi. In ka ce masa yau rana ta yi zafi, sai ya tambaye ka ta wace hanya zafin ya iso, alhali kai gaisuwa kawai ka yi. Tun da matarsa Falta ta rasu, gidan ya koma daga shi sai 'yan kaji. 'Yarsa ɗaya, Hafiza, tana aure a Bacirawa cikin Kano, ta yi roƙon duniya ya koma wajenta ya ƙi. Matata Kaltume ce ke dama masa kunu, ni nake kaiwa.

Da ya bar aiki, makarantar ba ta sake samun malamin Fiziks ba, daga baya ma aka rushe ajin kimiyyar gaba ɗaya. Sai ya sa kafinta ya buga masa bencina ya jera a zaure, ya bi iyaye gida-gida yana cewa duk yaron da ke so ya zo, kyauta ne. Da farko sun ɗan zo. Da suka ga abin ba ya cikin jarrabawarsu, sai suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Bencinan suna nan, kaji ne suke hawa.

Ranar da na saki kwaɗo da goruba ce ya fara gaya mini abin da ke cin ransa. Ya ce a aikinsu, kafin malami ya shiga aji sai ya rubuta manufar darasin, kuma kullum da magana ɗaya ake farawa: a ƙarshen wannan darasi, ɗalibi zai iya. Manhajar ajin ƙarshe kuwa ba ta wasa ba ce. Ɗalibi zai iya faɗin abin da zai faru tun bai faru ba, ya gwada da hannunsa, ya auna, sannan ya yi bayani da bakinsa. Yadda haske ke karyewa in ya shiga ruwa, yadda lantarki ke bin waya, yadda abu ke faɗuwa, duk an ce zai iya. Waɗanda suka tsara ta a ofis sun ɗauka kowace makaranta tana da ɗakin gwaji. Shi kuwa alli aka ba shi da allo. Sai ya riƙa zana kayan gwajin a allo, yara su kwafa su haddace, su ci jarrabawa, shugaban makaranta ya sa hannu, kowa ya ce madalla.

Ya ce da Babbar Sallar da ta wuce wani tsohon ɗalibinsa, Abdurra'uf, ya zo gaishe shi da mota. Ya durƙusa, ya karanto masa wata doka ta motsi da Turanci tun daga farko har ƙarshe, ko tuntuɓe bai yi ba, don dai Malam ya ji daɗi. Malam ya ce ya nuna masa inda dokar take a cikin zauren nan. Abdurra'uf ya yi dariya ya ce Malam dai bai canja ba, ya ajiye masa shadda ya yi sallama.

"Shekara talatin da wani abu ina rubuta zai iya, Iliyasu. Ban taɓa ganin wanda ya iya da idona ba. Mutum ɗaya nake so in gani kafin in tafi."

Na ce to duk faɗin garin nan ya rasa wanda zai kama sai ni, da na gudu daga firamare na bi shanu? Ya ce ai ni kaɗai nake shigowa. Bai faɗe ta da ƙorafi ba, kamar dai mai faɗin ranar kasuwa. Wallahi tausayinsa ya kama ni, har na rasa inda zan sa idona.

Sai ya ba ni aiki. Tunda nauyi bai raba kwaɗo da goruba ba, me ke sa lilo ya yi sauri ko ya yi sanyi? Kada in tambayi kowa. Kada kuma in gwada a zaurensa, tunda na ce ya yi wa zaren asiri. In nemo a cikin kayana, in zo in gaya masa da bakina. Na ce to, don dai ya bar ni in tafi gona.

Kaka ce, kowa ya san yadda take. Ga cirar gyaɗa, ga gero yana jiran ɗauri, ga harawa da in ka yi sake dabbobin mutane za su gama da ita. Kullum da safe in na shiga da kunu sai ya ɗago ya ce, "To?" Ni kuma in jefa masa duk abin da ya zo bakina. Yau in ce iska ce, gobe in ce ƙarfin hannun mai turawa ne. Wata rana na ce aljanun zaurensa ne. Kowacce na kawo, tambayarsa ɗaya, ko na gwada. In ce ban samu sarari ba. Sai ya gyaɗa kai ya jawo kwanon.

Jikin kuma yana ta ja da baya. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya daina shiga, zuwa masallaci ya gagara. Ya sa na fito masa da katifa zaure, wai yana so ya riƙa ganin masu wucewa. Suna wucewa kuwa. A yi sallama daga bakin ƙofa, a ce ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, a wuce. Da la'asar in na dawo daga gona nakan hango shi a kwance, idonsa a ƙofa, kwaɗo da goruba suna rataye daga gefen ƙafafunsa ba mai taɓa su.

Hafiza ta zo ta kai shi asibiti a Ɗanbatta, suka dawo da leda cike da magani. Ta yi kuka, ta ce Baba don Allah ya bi ta. Ya ce a can wa ya sani, a nan kuwa yana da ɗalibi bai gama da shi ba. Ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ga yara ta baro ga aiki, dole ta koma, ta ce Juma'a za ta dawo da mijinta ko da ƙarfi ne su ɗauke shi.

Ranar Laraba Kaltume ta makara da damun kunu, sai na ce bari in fara shayar da shanu. Rijiyar bayan gari tana da zurfi. Na zura guga, wani bijimina mai rawar kai ya bangaje ni, hannuna ya goce, gugan ya bugi gefe ya kama lilo. Na zage shi son raina, na tsaya jiran gugan ya natsu. A nan ne idona ya tsaya a kansa. Yana kusa da baki, sai wani fat-fat yake yi gefe zuwa gefe kamar wutsiyar ɗan akuya. Na saki igiya kaɗan, sai ya rage sauri. Na ƙara saki. Da ya kusa ruwa sai ya koma tafiya a hankali, ya je can, ya yi kamar ba zai dawo ba, sannan ya dawo.

Na ce a raina bari in gani in ya cika. Na ɗebo, na kaɗa shi da gangan. Cike yake fal, amma a can ƙasa tafiyarsa ta ɗazu yake yi, ba ƙari ba ragi. Ina ja yana ƙara sauri, ina ja yana ƙara sauri, har ya iso baki yana watsa mini ruwa a riga. Na maimaita, na sake maimaitawa, shanu suna ta kallona da ƙishi. Tun ina yaro nake jan gugan nan, abin yana gabana kullum. Tsawon igiya ne. Wani daɗi ya kama ni irin wanda na manta rabona da shi, har na ji ina dariya ni kaɗai a bakin rijiya.

Na juye musu abin da ya samu a komi, na bar su a ɗaure, na nufo gida. Ban ko tsaya ɗaukar kunu ba.

Na yi sallama, ba a amsa ba. Yana kwance yadda na bar shi jiya, sai dai numfashin ya canja, yana ja da ƙyar yana tsayawa. Na ga irin wannan a wajen mahaifina, ba sai an gaya mini ba. Na leƙa ta katanga na ce wa Kaltume ta aika a kira liman maza-maza, na dawo na durƙusa a gefen kansa. Na gyara shi ya fuskanci alƙibla, na shiga maimaita kalmar shahada a hankali kusa da kunnensa. Leɓɓansa suka motsa. Ya bi ni, ya faɗe ta har ƙarshe, na ji da kunnena.

Daga nan sai ya buɗe ido sosai. Ya dube ni, ya dubi hannun rigata da ke ɗigar ruwa, ya sake dubana. Na san kallon nan, shi ne na kowace safiya.

Amsar tana bakina. Amma kowa ya sani, in mai barin duniya ya samu ya faɗi shahada, ba a sake jan sa da zancen duniya, don ita ake so ta zama ta ƙarshe a bakinsa. Malam Madu kuwa na san halinsa. In na ce masa igiya ce, sai ya ce na gwada? In na ce na gwada, sai ya ce a ina? Numfashin da ya rage masa ba zai kai mu ga sake wata shahadar ba. Na haɗiye maganar, ta yi mini ɗaci ƙwarai.

Sai na miƙe na je wajen azara. Na kama zaren kwaɗon na naɗe shi na ƙulle can sama, ya zama gajere, na bar gorubar da tsawonta. Na ja su na buɗe hannu, ban tura ba. Kwaɗon ya kama fat-fat, gorubar tana binsa a hankali. Na tare su. Na kwance kwaɗon na mayar da shi dogo, na naɗe na gorubar. Ƙullin ya ƙi, sai da na sa haƙori. Na sake saki. Yanzu gorubar ce ke gudu, kwaɗon da duk nauyinsa yana tafe yana jan jiki.

Na juyo in ga fuskarsa. Idonsa a buɗe yake, yana kan zaren, ƙirjin kuma ya daina ɗagawa. Ban san lokacin da ya cika ba. Ko tun ina fama da ƙullin farko ne, ko sai da ya ga na biyun, har yau ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Na yi salati, na shafe masa ido, na ja mayafi na rufe shi. Liman bai iso ba tukuna. Na kore kazar da ke kan bencin gaba na zauna. A waje wani mai amalanke ya wuce da dammunan gero, ya yi sallama daga ƙofa ya ce ya jikin Malam, bai jira amsa ba. Gorubar ta riga ta tsaya. Kwaɗon ne kawai ya rage yana zuwa yana dawowa, kaɗan-kaɗan.