Mu Biyar, Gurbi Huɗu

Dod ne ya kawo labarin, wata Asabar da ruwan sama ya koro mu daga filin golf tun ba mu kai rabin wasa ba. Muna zaune a kulob, safa a jiƙe, kowa ya rungume kofin shayinsa, sai ya miƙe tsaye yana gyaran murya. Tsohon malamin makaranta ne, har yau bai yarda an sallame shi ba.

"An ba mu," in ji shi. "Bakin Teku. Farkon kaka, da safe."

Ba wanda ya tambayi wane bakin teku. Duk wanda ya taɓa riƙe sandar golf a Scotland ya san filin. Attajiran Amurka da Japan suna tsallako duniya don su taka shi, mu kuwa da ke nesa da shi tafiyar rabin yini a mota, sai dai a talabijin. Shekara da shekaru Dod yana nema ana ce masa ba wuri. Shug mahauci ya buga tebur har shayi ya zube.

"Sai dai gurbi ɗaya ne," Dod ya ƙara, yana kallon ƙasa.

Gurbi ɗaya mutum huɗu ke nan. Golf ba ta san biyar ba. A ɗan filinmu na Kirkmuir, wanda aka shimfiɗa a kan tsohon jujin kwal, kawar da kai ake yi idan mun fita mu biyar, don mun girmi duk masu dokar. Can kuwa ko kuka za ka yi, huɗu ne.

Lissafin bai yi wuya ba. Dod ne ya samo gurbin. Shug ke da motar da za ta ɗebi mutum huɗu da jakunkunansu. Eck, wanda sai ya wuni bai ce uffan ba, ƙanwarsa ke da gida kusa da tekun inda za a kwana. Saura ni Ally tsohon bakanike, da Wattie Kerr. Mu biyun ba abin da muka kawo sai baki.

Wattie ya girme mu duka. Ya yi rabin rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa yana haƙar kwal, shi ya sa da ya fito sarari bai ƙara yarda ya zauna a ɗaki ba. Shi ya koya mana wasan. Idonsa kuma yana mutuwa daga tsakiya: yana ganin gefen abu, amma abin da ya kalla kai tsaye baƙi ne. Likita ya riga ya gaya masa kada ya sa rai ganin zai wuce hunturun bana. Tun muna samari yake cewa sai ya buga Bakin Teku kafin ya mutu. In bai je wannan karon ba, ya gama zuwa, kuma kowa a teburin ya san haka.

"Ni na haƙura," na ce. "Gwiwata ma ba za ta iya ba. Wattie ya tafi."

Ya juyo da kansa a karkace, yadda yake yi in yana son ganin mutum.

"Gwiwarka? Jiya wa na ji yana gudu ya tari bas?"

"Haba tsoho, karɓa mana."

"Sadaka za ka ba ni, Ally? Na yi maka kama da mai bara?" Ya ture kofinsa. "Tun da muke, da me muke raba gardama? Asabar mai zuwa, ni da kai, rami goma sha takwas. Wanda ya fi cin ramuka ya shiga mota. In kuma na ji ka sassauta hannu, wallahi ba ni ba kai."

Zai ji ɗin kuwa. Wattie daga ƙarar sanda yake gane bugun da aka yi da zuciya ɗaya da wanda aka yi da biyu.

Akwai abin da mu huɗu muka sani shi bai sani ba. Tun bara da idon ya yi tsanani, Shug ne ke kallon masa ƙwallo, ya ce ta yi dama ko ta yi hagu, ya kai shi inda ta faɗi. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne aljihun wandon Shug na dama yana da huda. Wattie yana yi wa ƙwallayensa ɗigo uku da jan alƙalami, Shug ma ya sayi jan alƙalami. Duk ranar da ta tsohon ta ɓace a ƙaya, sai Shug ya yi gaba, ya girgiza ƙafa, ya ɗaga hannu: "Ga ta nan, ka yi sa'a!" Da bazara har kofin tsofaffi Wattie ya ci. Ya kai shi gida a rungume kamar jinjiri.

A wasan nan ba alƙali a bayanka. Kai ne ɗan wasa, kai ne ɗan sandan kanka. Na taɓa ganin Wattie ya ci kansa tara saboda ƙwallo ta motsa a cikin ciyawa, motsin da ko tsuntsu bai gani ba. Shi ya sa abin Shug ke ci mini rai. Ran Juma'a na je har shagonsa.

"Ka ɗinke aljihun nan kafin gobe," na ce masa.

Yana ta sarar haƙarƙari bai ɗago ba. "Kai dai mugu ne. So kake ka tafi ka bar makaho."

"Na ba shi ya ƙi. Ka bar shi ya ci da hannunsa ko ya faɗi da hannunsa."

"Ji mai wa'azi! To limamin gareji, na ji."

Bai ji ba.

Asabar ta zo da iska mai sanyi da hazo a kan tuddai. Dod da Eck suka biyo mu hannu a aljihu, Shug yana saɓe da jakar Wattie. Dod na ta zancen tafiyar don ya kashe shirun: a tashi da sassafe, a tsaya a hanya a ci burodi da nama, kowa ya zo da rigar ruwa biyu.

Ban sassauta ba. Raina yana so in faɗi, hannuna ya ƙi, kuma na tsani kaina a kan kowane rami da na ci. Amma tsohon nan ya yi wasa irin na da. Shug ya saita shi, ya ce tuta na can, nisa kaza, sai ka ji ƙas, ƙwallo ta tafi kamar an ja zare. Ya ci, na ci, ya ci.

"Yaro, kana numfashi kamar tsohuwar motar da ka gyara," in ji shi.

"Kai dai buga, kaka. Kada ka doki ƙafar Shug."

"Ai da na huta da surutu."

Ina lura da wandon Shug tun daga ramin farko. Bai girgiza ƙafa ko sau ɗaya ba, don ba a buƙata. Muka iso rami na ƙarshe kunnen doki.

Ramin nan yana da tudu a tsakiya, ƙaya ta cika damarsa. Na buga tawa ta sauka lafiya. Wattie ya tsaya, ya ja numfashi, ya buga. Ƙarar ta yi daɗi, amma ƙwallon ta shige hazo ta bayan tudun, ta ɗan karkata dama, ba wanda ya ga saukarta.

"Ina ta yi?" ya tambaya.

"Dama kaɗan," in ji Shug, muryarsa ba ƙarfi. Ya saɓi jaka ya yi gaba da sauri.

Muka bazu a gefen ƙayar muna tona ciyawa da sanduna. Lokacin nema yana ƙurewa. In ta ɓata, Wattie zai koma ya sake bugu da tara a kansa, ramin ya zama nawa ke nan. Sai na ga Shug ya tsaya a wata doguwar ciyawa, ya girgiza ƙafar dama.

"Ga ta! Ɗigo uku ja. Taka ce, tsoho."

Na buɗe baki. Dod ya danƙe mini hannu har farcensa ya shige ni. "Don Allah, Ally," ya ce a hankali. Kafin in fizge, Wattie ya riga ya tsaya a kanta.

Bugun da ya yi daga ciyawar nan, ban taɓa ganin irinsa ba. Ƙwallon ta tashi ta sauka a kan shimfiɗar ciyawar da ke kewaye da ramin ta gangara. Shi mutumin da ne, ba ya ɗaga ƙwallo ya goge ta kamar yaran yanzu, sai ta shiga rami yake taɓa ta. Na buga nawa, na kuskure da kaɗan. Shug ya tsaya a bayan ramin yana magana don tsohon ya bi muryar. Wattie ya tura ta a hankali, ta yi tafiyarta, ta faɗa. Eck da ba ya magana har ihu ya yi.

"Bakin Teku!" Shug na ta tsalle da tumbinsa. "Tsoho, sai Bakin Teku!"

Wattie yana dariya ya sunkuya ya zaro ƙwallon. Ya juya ta a hannu. Ya sake juyawa, babban yatsansa yana shafa ta ko'ina. Dariyar ta tsaya.

"Wannan ba tawa ba ce."

"Taka ce mana," in ji Shug. "Ga ɗigo uku, Dod, duba ka gaya masa."

"Na daina ganin ɗigon tun watan jiya," Wattie ya ce. "Kunya ta hana ni faɗa muku. Jiya na sa 'yata ta ɗiga mini jan farce a kai, don in riƙa ji da yatsa. Duk ramukan yau ina jin sa. Wannan sumul take." Ya juyo wajena. "Na buga ƙwallon da ba tawa ba. Ramin naka ne, Ally. Ka ci."

"Ban karɓa ba."

"Ba kai ke bayarwa ba, ba kai ke karɓa ba. Doka ce." Ya ɗaga ƙwallon sama. "Amma wa ke yawo da ƙwallo mai alamata?"

Shug ya dafe aljihunsa na dama.

"Tun yaushe, Shug?"

"Wattie, don kai na yi..."

"Tun yaushe, na ce. Har da ranar kofi?"

Shug ya sunkuyar da kai. Wattie ya karkato kai wajen Dod, wajen Eck, sannan wajena, ɗaya bayan ɗaya, da gefen idon da ya rage masa.

"Dukanku ke nan," ya ce.

Ya saki ƙwallon a ƙasa. Bai karɓi jakarsa ba. Ya juya sandar da ke hannunsa ya dogara ta, ya nufi hanyar gida yana laluben ƙasa. Eck ya bi shi, Wattie ya ce masa ya koma.

Haushi ya hana ni shiga kulob. Na koma bayan tudun ni kaɗai, ba don ina neman komai ba. A can na gan ta. Ashe ta doki gefen tudun ta dawo hagu, ta kwanta a wani ɗan kwari a tsakiyar fili, kan gajeriyar ciyawa, hanya buɗe har tuta. Mu duka muna can muna tonon ƙaya, don mun riga mun yanke cewa makaho ba zai buga daidai ba. Na shafa ta, ga ɗan tudun jan farce. Garin neman gira mun rasa ido.

Ran Litinin Wattie ya kawo kofin ya ajiye a kan kantar kulob, ya ce a ba wanda ya zo na biyu. Bai sake taka filin ba. Shug ya aika ta wajen 'yar Wattie cewa ya bar masa kujerarsa, motar ma Dod ya tuƙa. Ni ma na aika. Amsa ɗaya ta dawo mana: wanda ya ci shi ke tafiya. Muka ci gaba da shiri kamar masu shirin jana'iza. Dod ya daina jawabi. Aka yi zancen a fasa, Eck ya ce in muka fasa mun sake yi masa wata sadakar, kuma gaskiyarsa ne.

Safiyar tafiya na ce Shug ya tsaya a ƙofar gidan. Ya tsaya can nesa, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Na ƙwanƙwasa. Wattie ya buɗe da rigar sanyi, ya rame, idonsa yana kallon sama da kafaɗata.

"Ally ne."

"Na ji tafiyarka. Gwiwar ta warke?"

"Har yanzu akwai wuri, tsoho. Ni in zauna."

"In abin da ya kawo ka ke nan, sauka lafiya."

Na kama hannunsa na sa masa ƙwallon. Yatsansa ya zagaya, ya tsaya a kan ɗigon. Ya daɗe a haka.

"Ina ka same ta?"

Na so in yi masa ƙarya, in ce cikin ƙaya. Amma an yi masa isasshiya.

"Tsakiyar fili. Bayan tudu. Ba abin da ya tare ta da tuta."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Ashe na buga ta daidai."

"Daidai ka buga ta."

"To," in ji shi, ya jimƙe ta a tafin hannu. "Shekara guda ina wasa. Wannan ɗaya dai na san tawa ce."

Ya rufe ƙofa a hankali. Na ji yana laluben sakata.