Buzun Malam

Tun da Malam ya rasu, buzunsa yake shimfiɗe a zauren gidansu na Bakura, ba mai hawa. Al'adar gidan ke nan: ɗan da dattawa suka kama hannunsa suka zaunar a kai, ya buɗe littafi gaban ɗalibai, makaranta ta zama tasa, kuma ba a tayar da shi. Yakubu bai taɓa kawo wa ransa wani ba. Shi ne babba, shi ya riƙe darasi duk tsawon jinyar mahaifinsu, yana zaune a tabarma gefen buzun. Baffa Bawa, ƙanen marigayin, ya ce sai bayan sadakar arba'in za a yi maganar.

Ana nan sai ga Ɗayyabu, amininsa tun suna yara, mai sayo tumaki daga Nijar yana kaiwa kasuwar Talata Mafara.

"Malam, dibi yadda ka rame! Taho mu tahi ka ga hamada, ka sha iska. Juma'a mu tashi, Lahadi muna gida."

Yakubu bai iya musu da wanda yake so ba, wannan ne cutarsa. 'Yarsa Bushra kuma ta maƙale masa sai ya turo mata hoton raƙumi. Ya shiga mota.

Suna tsallake iyaka wayarsa ta ɗauke. Ya tambayi Ɗayyabu ko yana da layin ƙasar.

"Ina hwa! Nan ba a samun komi. Aje waya ka huta."

Ya kuwa huta. Can gaban garin Tawa suka sauka a wani zango, rairayi iya ganin ido. Ya tuɓe takalmi ya taka, ya sha nonon raƙumi ya yamutsa fuska, Ɗayyabu yana ta yi masa dariya. Rabon da ya ji ƙirjinsa sakayau haka tun kafin Malam ya kwanta. Har addu'a ya yi wa abokin nan nasa.

Ranar Asabar da la'asar Ɗayyabu ya ce zai zaga. Yakubu ya hangi wani mai raƙuma a kan tudu, mutumin ya ɗaga waya sama kamar mai miƙa wa wani abu ta katanga. Yakubu ya hau ya same shi, suka gaisa, ya roƙe shi ya ɗan haɗa shi da intanet, hoto ɗaya kawai zai tura wa yarinya.

Bai kai ga hoton ba. Saƙonni suka yi ta shigowa. Na farko muryar gwaggonsa ce daga Maradun, tana kuka: "Yakubu, ina ka shiga? Sun ce kai kac ce ba ka so, shi ya sa ka bar gari!"

Sai bidiyo a zauren iyali na waya. Ga Baffa Bawa riƙe da hannun Fa'iz, ƙanen Yakubu, mijin ƙanwar Ɗayyabu. Ga Fa'iz yana naɗe ƙafa a kan buzun. Ga ɗaliban da Yakubu ya koya wa alwala suna kabbara.

Ya zauna a rairayi. Ya bi masu taya murna ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan na ƙarshe, wata lamba ta Nijar ɗauke da hoton fuskar Ɗayyabu: "Masha Allah, Allah shi riƙa." Yanzun nan aka turo.

Wannan ya fi buzun ciwo. Wallahi ya fi.

Ya sauko ya tarar Ɗayyabu ya dawo, yana fifita gawayin shayi. Ya juya masa fuskar wayar.

"Tun yaushe?"

Ɗayyabu bai ɗago ba. "Baffa ne yac ce in kana gari za a yi rigima."

"Na taɓa yin rigima da wani, Ɗayyabu?"

Shayi ya tafasa ya zube a wuta, ba wanda ya sauke.

Babu wata mota a zangon sai ta Ɗayyabu, kuma a cikinta zai koma, kafaɗa da kafaɗa, har Bakura. Ya sake duban wayar. Akwai saƙo ɗaya da bai buɗe ba, na Bushra ne ta wayar uwarta:

"Baba, ka ga raƙumin? An kawo littattafanka da tabarmarka cikin gida."