Hayaƙi Ya Bi Sama

Kawu yana saman tsani yana ɗaure bututun hayaƙi da waya, Inna na ƙasa tana zagaya sabon murhun, hannu a baya.

"Wannan ya yi tsayi," in ji ta. "Girki zan yi ko wa'azi?"

"Yaya, ƙugunki na auna."

"Yaushe? Da izinin wa?"

Auta ta danne dariya, ta ci gaba da kwaɓa laka. Ma'aikaciyar jinya ce a birni, hutun kwana uku ta ɗauka, yau ne na ƙarshe. Likita ya ce huhun mahaifiyarta ya gaji da hayaƙin tsohon ɗakin girki, wanda ko taga ba shi da ita. Ko a fitar da wuta waje, ko Inna ta bar gidanta da kajinta ta koma birni wurin 'ya'ya. Shi ya sa Auta ta kira Kawu, ƙanen Inna, wanda ya shekara talatin yana gini.

Rumfa ta tsaya a gefen bishiyar lemo, ginshiƙi huɗu da rufin kwano. Murhun na da baki biyu, da wurin jera itace a ƙasa. Inna ta sa aka ɗauko babbar tukunyarta, aka ɗora, ta ƙi zama. Kawu ya sauko ya kankare gefen bakin da cokalin gini har ta zauna daram.

"Da tukunyar ta ƙi, da ni ma na ƙi," in ji Inna.

Da la'asar aka gwada. Auta ta jera ƙirare, ta ƙyasta ashana. Wuta ta kama, amma hayaƙi bai bi bututu ba, sai ya turnuƙo ta gaba ya cika rumfar. Inna ta fara tari, irin mai sa ta dafa bango. Auta ta ruga wurinta. Ta ja ta waje tana shafa mata baya, tana tunanin yadda za ta ce mata ta haɗa kaya.

Kawu ya tsaya yana sosa ƙeya. Can sai ya haye tsani da sauri, ya zura hannu a bakin bututun, ya zaro wani tsumma.

"Rigata ce. Na toshe jiya don kada raɓa ta shiga."

"Shekara talatin," in ji Inna, tari na komawa dariya. "Allah ya shirye ka."

Hayaƙi ya miƙe siriri ta saman kwano, ya wuce kan lemon. Inna ta dawo a hankali, ta tsaya gaban tukunya, ta zuba mai da albasa. Ta jima tana juyawa. Auta na kallon idanunta, ba su kawo ruwa ba.

Ƙamshi ya jawo maƙwabciya, ta leƙo ta katanga.

"Ikon Allah. Wa ya kawo wannan dabara?"

"Ai na daɗe ina faɗa wa yaran nan," in ji Inna, ko juyowa ba ta yi ba. "Sai bana suka ji."

Kawu ya sunkuyar da kai yana wanke cokalinsa, kafaɗunsa na rawa.

"Auta, tsayuwar me kike yi? Miƙo gishiri."