Ranar da Bunu Ya Fara Gudu

Rabon Bunu da gudu tun yana makarantar sakandare. Yanzu ya doshi hamsin, ya yi jiki, yana da shagon taki da irin shuka a bakin kasuwar Ɗanbatta, inda yake wuni zaune a kan benci. A farkon daminar bana jiri ya ɗebe shi a masallaci, ya yanke jiki ya faɗi a cikin sahu. Da aka kai shi asibiti likita ta auna shi, ta ce jininsa ya hau sosai. Ta rubuta masa magani, ta kuma gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa in bai fara motsa jiki ba, faɗuwa ta gaba ba lalle ne ya tashi da ƙafafunsa ba.

Maganar nan ta zauna masa a rai. Yana cikin auna wa mutum taki sai ya tsaya, ya dafe ƙirji, yana sauraron bugun zuciyarsa. Matarsa Amsa ce ta kawo masa labarin Malam Kamaruddeen, malamin wasanni a sakandaren garin, wanda ya haɗa ƙungiyar masu gudu. Samari ne da 'yan ma'aikata, suna fita bayan sallar asuba duk Asabar da Lahadi.

"Ni da tumbin nan zan shiga cikin yara?" in ji Bunu. "Dariya za su yi mini."

"Su yi ta yi, Alhaji," in ji Amsa. "Ni abin da likita ta faɗa ne ya dame ni."

Ranar Asabar ya je. Ya tarar da su a filin makaranta suna miƙe gaɓoɓi, kowa sanye da rigar ƙungiya ruwan ɗorawa. Shi kuwa tsohon wando ya sa da wata baƙar riga, ya kifa hular hana-salla har kan girarsa don kada masu sayayya a shagonsa su gane shi. Wayarsa ma a gida ya bar ta, saboda wandon ba shi da aljihu.

Malam Kamaruddeen ya karɓe shi hannu biyu. "Alhaji, kada ka yi gasa da kowa. In ka gaji ka taka a hankali. Ta cikin gonaki za mu bi, mu zagayo nan."

Suka ɗauki burtalin da ya ratsa gonaki. Dawa ta yi tsayi ta fi mutum, dama da hagu, raɓa tana jiƙa masa kafaɗu. Da farko Bunu ya yi mamakin kansa, ƙafafu suna ɗaukarsa. Ba a yi nisa ba numfashi ya fara yi masa wuya. Samarin suka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya suna cewa, "Sannu Alhaji," har na ƙarshe ya wuce. Ya ga rigar yaron ta sha kwana ta ɓace.

Ya rage gudu. Zuciyarsa yake ji a cikin kunnuwansa kamar ana daka. Wani abu ya soke shi a gefen ciki, ya rasa ko gajiya ce ko abin da likita ta faɗa ne ya zo. Da ya iso inda hanya ta rabu biyu, babu kowa, babu ko ƙarar takalmi. Ya kira sunan Malam Kamaruddeen, muryar ba ta fita ba. Ya ɗauki hanyar dama.

Hanyar ta riƙa tsukewa har ta zama 'yar siririya tsakanin kunya da kunya. Nan tsoro ya kama shi sosai. Ya ga in ya faɗi a wurin nan, ba wanda zai gan shi sai manoma sun fito, kuma kafin nan mai faruwa ta faru. Can ya jiyo ƙarar taɓarya da kukan zakara. Maimakon ya taka kamar yadda aka gaya masa, sai ya ƙara gudu, don ya kai inda mutane suke kafin ƙafafunsa su gaza.

Ya faso cikin dawa sai ga shi a bayan wani gida, a tsakiyar turken tumaki. Dabbobin suka firgita suna fizgar igiya. Wata mata da ta fito da ƙwaryar dusa ta ga ƙato da baƙar riga, fuska a rufe, yana haki a cikin tumakinta. Ta saki ƙwaryar ta kurma ihu.

"Ɓarawo!"

Abin da Bunu bai sani ba shi ne, a watan nan an sha shiga wannan unguwa da duku-duku ana kwance musu tumaki, mutanen kuma sun yi rantsuwa a kan duk wanda suka kama. Da ya tsaya ya cire hula ya yi sallama, wataƙila da abin ya tsaya nan. Amma jikinsa bai tsaya shawara da shi ba. Ya juya ya zura da gudu.

Ihun ya bazu gida-gida. Ya ji ƙofofin langa-langa suna buɗewa, ya ji ƙafafu a bayansa, da yawa, suna matsowa. Dutse ya wuce ta gefen kunnensa. Wani dutsen ya same shi a baya. Ya faɗa gonar gyaɗa, ƙafarsa ta nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya kife da fuska.

Kafin ya juyo an kewaye shi. Ƙafafu kawai yake gani, da bakin fartanya, da adda guda ɗaya mai tsatsa. Wani saurayi ya ɗaga gora ya sauke masa a kafaɗa, zafin ya ratsa har yatsunsa.

"Ina sauran 'yan uwanka?" in ji saurayin. "Ina kuka kai ragunan babana?"

Bunu ya buɗe baki. Yana da amsa, yana da sunansa da sunan shagonsa, amma babu iskar da za ta ɗauko su. Sai haki da wani sauti kamar na akuyar da aka shaƙe.

"Kun gani, ya ƙi magana," in ji wani.

"A kawo igiya."

Daga baya-baya wani ya ambaci fetur. Bunu ya sha jin labarin yadda irin wannan taro yake ƙarewa, ya taɓa gani ma a waya, ya rufe bai kalla har ƙarshe ba. Ya tuna Amsa tana can tana dama masa koko. Ya fara kalmar shahada a zuci, tana kuɓuce masa yana sake kamowa.

"Fatihu, sauke sandar nan."

Wani dattijo ne ya ratso taron, da carbi a hannu, bai ko sa takalmi ba. Malam Tahir ne, mai unguwa. Saurayin ya sauke gorar amma bai ja da baya ba.

"Baba, a cikin tumaki aka gan shi."

"Na ji. Ku ba shi wuri ya yi numfashi. Wanda ba ya numfashi ba ya amsa tambaya." Dattijon ya tsuguna, ya cire masa hular, ya dube shi da kyau. Furfura ya gani da gumi da ƙasa. "Bawan Allah, wa ya koro ka?"

"Gudu," Bunu ya samu ya ce. "Gudu nake."

"Mun ga gudu kake. Me ka yi kake gudu?"

"Likita ce ta ce."

Wani ya yi tsaki. "Ku ji rainin hankali." Taron ya sake matsowa, Malam Tahir ya ɗaga hannu, amma Bunu ya ga hannun tsoho ne, guda ɗaya, su kuwa suna da yawa.

A daidai lokacin aka jiyo ƙarar ƙafafu daga wajen burtali. 'Yan ƙungiyar ne. Sun koma filin makaranta ba su ga Bunu ba, suka juyo nemansa, ihun ya jawo su. Mutanen unguwa suka ga samari birjik sun nufo su a guje.

"Ga 'yan uwansa nan," in ji Fatihu. Masu fartanya suka juya, mai addar ya gyara riƙo. Wani ya taka wa Bunu hannu don kada ya tashi. Bunu ya rufe ido. Ya ga yanzu ba shi kaɗai zai mutu ba, har da 'ya'yan mutane, duk saboda shi.

Malam Kamaruddeen ya hango abin da ake ciki. Ya tsayar da yaransa tun daga nesa, ya ce kowa ya zauna a ƙasa. Shi kaɗai ya tako, a hankali, tafukan hannunsa a buɗe, ya yi sallama da ƙarfi. Ba a amsa ba. Ya sake yi.

"Wa alaikumus salam," in ji Malam Tahir.

"Baba, sunana Kamaruddeen, ina koyarwa a sakandare. Wannan Alhaji Bunu ne, mai shagon taki a kasuwa. Tare muka fito motsa jiki. Yau ya fara, ya ɓace mana a hanya. Laifina ne da ban bar wani tare da shi ba."

Can wani magidanci ya leƙa fuskar malamin ya ce, "Shi ne. Yana koyar da ɗana." Wani kuma ya sunkuya ya dubi Bunu, ya yi salati a hankali, ya ce ai a wurinsa ya sayi irin masara. Wanda ya taka hannun ya janye ƙafarsa. Fatihu ya tsaya da gora a hannu bai san inda zai sa ta ba.

Aka zaunar da Bunu, matar da ta yi ihu ta kawo ruwa a moɗa tana ba da haƙuri. Hannunsa ya ƙi riƙe moɗar, sai Malam Tahir ne ya riƙe masa.

"Alhaji, ka yafe mana," in ji dattijon. "An cuce mu ne, zukata sun yi zafi." Ya juya ga Malam Kamaruddeen. "Kai kuma Malam, in za ku riƙa ratsa gonakin mutane, ku zo ku gaya mana tukuna. Mu nan in mun ga babba yana gudu, to akwai abin da ya faru."

A babur aka kai shi asibiti. Ba karaya, sai kumburi a kafaɗa da ƙujewa. Likita ta saurari zuciyarsa ta ce lafiyarta ƙalau, ta ce ya ci gaba, amma da tafiya zai fara. Amsa ta yi kuka da ta ga bayansa, ta ce ita ta tura shi, ba zai sake zuwa ba.

Ya yi makonni bai je ba. Malam Kamaruddeen ya bi unguwannin da ke kan hanyarsu ɗaya bayan ɗaya ya gai da masu unguwa, sannan ya zo har gida ya gaya wa Bunu. Bunu ya ga tsoron da yake ji a zaune a shago bai ragu ba, sai ya koma.

Ranar da ya koma, aka sa wani ɗan ƙungiyar, ma'aikacin jinya mai suna Jamil, ya riƙa bin bayansa. Ba su yi nisa ba Bunu ya tsaya cak.

"Alhaji, ƙirjin ne?" in ji Jamil.

"A'a. Takunka ne a bayana. Don Allah dawo gefena inda zan riƙa ganinka."

Jamil ya dawo gefensa. Burtalin ya yi musu kaɗan, kafaɗa tana gugar kafaɗa, ganyen dawa yana marin fuskokinsu. Haka suka ci gaba, suna gudu kaɗan suna takawa, har suka hango katangar makaranta.