Kujerar Hagu

"To shi wannan jirgin, ko fasinja ɗaya babu a ciki?"

"Babu, Baba. Kaya ne zalla, da matuƙa biyu ko uku."

Baba Filibus ya ajiye ludayin furarsa ya dubi ɗansa Dauda. Ranar Lahadi ce, sun dawo daga sujada, suna zaune a inuwar dogon yaro a tsakar gidansu na Damagaram. Tabita, matar Dauda, tana gefe tana ɓarar gyaɗa kamar ba ta ji, alhali ita ce ta tona zancen.

Shekara shida ke nan Dauda yana tuƙa ƙaramin jirgin fasinja tsakanin Yamai da Damagaram, kullum a kujerar dama, ta mataimaki. A makon nan takardu biyu suka same shi. Kamfaninsu ya ba shi kujerar hagu, ta kwamanda, amma sai ya sa hannu a kan zai yi musu shekara biyu. Wani babban kamfanin jigilar kaya na Turai kuma ya buɗe ɗaukar matuƙa, za a rufe karɓar dosiye, wato takardun neman aiki, ranar Jumma'a. Can zuciyarsa take tun yana yaro ɗan makaranta a lakwal. Ya sha tsayawa a filin jirgin Yamai yana kallon waɗannan manyan jirage marasa tagogi har abokan aiki su taɓa shi. Abin da ya hana shi faɗa a gida kunya ce: tsohon nan yakan gaya wa duk majami'a cewa ɗansa mutane yake ɗauka a sama.

Sai ga shi Baba dariya ya yi, har ya ƙware. Ya ce shi da ya shekara talatin yana jan lodin gyaɗa, shi za a ɓoye wa dakon kaya? Buhu bai taɓa cewa a tsaya zai yi fitsari ba, bai kuma taɓa zagin direba ba.

Daga nan ya tambayi abin da Dauda bai zata ba: su masu manyan jiragen, me suke dubawa a takardun mutum? Dauda ya ce awoyin tashi, musamman waɗanda mutum ya yi yana kwamanda. Nasa nawa ne? Babu ko ɗaya. Dauda ya yarda cewa in ya aika yanzu dosiyensa a ƙasan tari zai kwana, amma yana tsoron kada ƙofar ta rufe ba ta sake buɗewa ba.

Baba ya ba shi labarin wani alhaji da ya taɓa kiransa ya zauna gefen direba a babbar mota mai zuwa Kano. Ya ƙi. Ya karɓi wata ƴar akori-kura da ƙofarta ke ɗaure da igiya, ya yi shekara uku yana jan ta tsakanin Droum da Damagaram, shi kaɗai da rairayi. In ta kafe shi ne, in ta yi zafi shi ne.

"Ranar da alhajin ya tashi neman wanda zai riƙe masa sabuwar mota, bai dubi masu zaman gefe ba," in ji shi. "Wanda ya taɓa kafewa ya fita da kansa ya nema."

Tabita ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wata ƙatuwar rigar sanyi mai gashi a wuya, ta shimfiɗa wa Dauda a cinya. Tun ran da ta ga takardar kamfanin Turai a aljihunsa ta je kasuwar Dole ta zaɓo ta a wurin ƴan gwanjo. Ta ce ita dai ba ta son a ce don ita ko don ƴarsu Jummai ya fasa. Aikin jinya ko'ina ana yinsa, in tafiya ce su tafi.

"Baban Jummai, gwada mana mu gani."

Ya saka ta a cikin wannan rana ta Damagaram. Hannuwanta suka wuce yatsunsa, gumi ya karyo masa nan take. Baba ya ce ya yi kama da rago kafin a yi masa aski. Dauda yana dariya, amma idonsa ya ciko. Ya dubi matar nan da ta shirya masa sanyin ƙasar da bai ma nema ba tukuna, ya ji tsoron da ya kwana huɗu yana cinsa ya kwanta.

Ya cire rigar, ya ninke ta a hankali, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ki sa mata maganin asu ki ajiye a ƙasan akwati, za ta yi aiki. Gobe zan sa hannu in karɓi kujerar hagu. In shekara biyu ta cika, sai in aika wa masu manyan jiragen."